Shekarar da Ƙanƙarata Ta Nutse

Nasiru, da Sallar da ta wuce na ce ka kai ƙannenka Gafasa su gaida iyalin Baffanku Sale, sai ka ce mini, cikin ladabi dai, amma na ji abin da ke ƙarƙashin maganar, wai mutumin da bai taɓa cin tuwon gidanmu ba har ya koma ga Allah, mene ne na wahalar da kai a kan iyalinsa. Na juya na ci gaba da sauraron rediyona. Amsa kam ina da ita, nauyinta ne ya hana ta fita, ni kuwa kun san halina, bakina ya fi saurin gyara kuskuren ɗalibi a kan faɗin nawa. Shi ya sa na ɗauki biro. Wannan babin naka ne, kai da Maryam da sauran, ku karanta ko ina raye ko ba na nan, don na gaji da ganin kuna ɗora wa mamaci kayan da ni ya kamata in ɗauka.

A shekarun baya ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a nan Gaya, sai na sami gurbin karatun digiri na uku a wata jami'a mai nisa, irin karatun da mutum yake yi yana bakin aikinsa, ya riƙa zuwa ganin malaminsa jefi-jefi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne gona. Albashin malami bai taɓa riƙe gida shi kaɗai ba, gonar gadona da ke Gafasa ita ce take ciyar da mu, dogon hutun makaranta kuma da damina yake faɗowa, wato lokacin da zan iya zama in yi bincike shi ne lokacin da ciyawa take neman cinye gero. Ko fartanya ko littafi, ɗaya sai ya haƙura. Na hau babur na tafi wurin Yaya Sale, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi da bai taɓa zama a aji ba amma shi ya kai ni makaranta da hannunsa. Na same shi yana gyaran ƙotar garma a gindin darbejiyar ƙofar gida, na zayyana masa komai.

“Shekara nawa abin zai ɗauka?” in ji shi.

“Uku, in Allah ya yarda.”

“To, shekara uku ba ka da gona. Je ka yi karatunka.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, don shi ba mai dogon zance ba ne. Ranar Juma'a bayan an idar da salla ya miƙe a gaban jama'a ya ce zai kira gayya a gonata. Ku yaran yanzu ba ku san gayya ba sai a baki, tunda maganin feshi da 'yan ƙodago sun kashe ta. Mutum ne zai gayyato maza, su taru da fartanyoyinsu su nome masa gona a yini ɗaya, shi kuma ya ciyar da su fura da tuwo, ya raba goro, mai ganga yana biye da su yana zuga su. Amma gayya ba kyauta ba ce. Wanda aka yi wa, ranar da wani ya kira tasa, dole a ga ƙeyarsa a can, in kuwa ba a gani ba, ya gama kiran gayya a garin. Yaya ya san wannan sarai, shi ya sa ya ƙara da cewa:

“Jama'a, Habu ba zai zo gayyar kowa ba sai ya gama. Ranar da ya dawo da dakta, ku ɗauka ranar ce ya nome gonar kowa.”

Aka yi dariya, aka ce an yarda, wani dattijo ma ya ce Gafasa ba ta taɓa noma dakta ba, bari su gwada su ga ko ƙasarsu tana karɓarsa. Tun daga ranar sunan ya bi ni. Damina uku suna nome mini gona, firi da maimai, wato noman farko da na biyu, ni kuma ina ƙunshe a ɗakin zauren gidan nan da wata tsohuwar kwamfuta da ɗan janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba.

Dole in gaya muku abin da nake yi a ɗakin, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane laifina ba. Ruwan da kuke sha, in da za a yi ta raba shi, a yi ta raba shi, za a kai ga wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ko da madubin asibiti. Kowace ƙwaya tana da gefen da lantarki ya taru da gefen da ya yi ƙaranci, saboda haka suna jan juna suna riƙe juna, in sun matsu da yawa kuma su ture juna. Wannan ja da turin shi ne ya sa ruwa yake kwarara, man gyaɗa yake da kauri, man shanu yake daskarewa da sanyin safiya. Ni aikina shi ne in gina ruwa a cikin kwamfuta. Masana sun riga sun gano, daidai ƙwarai, irin ƙarfin da ke tsakanin ƙwaya biyu idan su kaɗai ne. Sai na ce ai magana ta ƙare: in ɗebo ƙwayoyi masu yawa, in lissafa abin da ke tsakanin ta farko da ta biyu, ta farko da ta uku, haka dai bibbiyu bibbiyu har su ƙare, in tara, abin da ya fito shi ne ruwa. Na karanta a littattafai cewa akwai wani ɗan ragowa da ba ya bayyana sai ƙwayoyin sun kai uku ko fiye, amma na raina shi, na ce wannan ai ɗigon da ke saura ne a gindin mudu, ba ya hana awo.

Ban taɓa sanin kaɗaici ba sai a ɗakin nan. A ɗakin malamai, da na buɗe baki sai su ce ga Malam Ruwa ya zo, a matsa kada a jiƙe. Ba da mugunta suke yi ba, amma bayan dariyar kowa sai ya koma hirar taki da ƙwallo. Mahaifiyarku, Asabe, takan kawo mini abinci ta tsaya tana kallon lambobi suna gudu a fuskar kwamfuta, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta fita a hankali kamar mai fita daga ɗakin majinyaci. Malamina kuwa tafiyar yini guda ce tsakaninmu. Sai in yi wata biyu ban sami wanda zan ce wa kalli abin da na gani yau ba. Ina jin masu babura suna wucewa zuwa kasuwa, ina jin ana kiran salla, in fita in yi, in dawo in rufe ƙofa. Garin cike yake da mutanen da suka san ni tun ina yaro, amma abin da ya cika mini kai babu mai sani ko mutum ɗaya, kuma hakan yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Mutum ɗaya ne ya taɓa zama ya ce in yi masa bayani tun daga tushe, shi ne Yaya Sale. Wata ranar kasuwa ya biyo, ya zauna a kan tabarma ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, na yi masa bayanin bibbiyun nan da ƙwayoyin gyaɗa a kan faranti. Ya saurara har na gama, sannan ya girgiza kai.

“Ni dai ban yi boko ba, amma wannan lissafin naka bai yi mini ba.”

“Ta ina, Yaya?”

“In ka ga noman mutum biyu, ba ka san noman mutum ashirin ba. Mutum biyu suna noma, na uku ya shigo tsakaninsu, su biyun ma hannunsu sai ya sake. Ni da nake kiran gayya na sani.”

Na yi dariya har da buga cinya.

“Yaya, su ƙwayoyin ruwa ba su da zuciya, ba sa jin ganga.”

“To, kai ka sani,” ya ce, ya mayar da hularsa, ya tsince gyaɗar ya cinye.

Da farko abin ya yi kamar zai tafi daidai. Ruwan da na gina ya yi kama da ruwa, duk da ɗan bambancin da nake gani ina kawar da kai, ina cewa laifin tsufan na'ura ne. Na rubuta babi huɗu. Saura na ƙarshe, inda zan sanyaya ruwan nawa in ga irin ƙanƙarar da zai bayar. Bayan kakar shekara ta uku na sa lissafin, ya yi ta tafiya, a ɗauke wuta in tayar da janareta, janareta ya mutu in sake daga inda na adana. Sai da bazara ta kankama sakamako ya fito. Ƙwayoyin sun cunkushe, sun matse juna fiye da yadda suke a ruwa. Ma'ana ƙanƙarar da na gina ta fi ruwa nauyi, in an jefa ta a randa sai ta tafi ƙasa. Na ce kuskuren hannu ne, na bi layi-layi, na sake. Ta sake nutsewa. Da azahar, rana tana dukan ƙwaƙwalwa, na fita bakin tasha na sayo ƙanƙara a leda, na zo na jefa a kwanon sha na zauna ina kallo. Ga ta nan tana yawo a sama abinta. Mai sayar da ita a bakin tasha, wanda bai san ko sunan ƙwaya ba, ya fi ni da kwamfutata sanin ruwa.

Na koma kan littattafan da na yi wa karatun tsallake, sai ga abin a fili. Idan ƙwaya ta uku ta matso kusa da biyu, takan ja lantarkin ta biyun ya karkata, ita kuma ta biyun saboda wannan karkatar sai riƙon da ta yi wa ta farko ya ƙara ƙarfi. Ta huɗu ta zo ta ƙara, haka har ya zama kowace tana ƙarfafa riƙon da ba nata ba. Wannan riƙon taron shi ne yake iya tsayar da ƙwayoyin ƙanƙara a wawware, da sarari a tsakaninsu, shi ya sa take da sauƙi har take tasowa. In ka lissafa su bibbiyu, ƙarfin nan ba za ka taɓa ganinsa ba, don ba ya cikin kowace biyu, sai an taru yake samuwa. Ɗigon da na raina shi ne ya rushe mini gini. Na tuna da mutumin da ya cinye mini gyaɗa, amma maimakon in hau babur in je in ce Yaya ka fi ni gaskiya, sai na ji haushinsa.

Na tafi wurin malamina, wani farfesa mai sanyin hali, na baje masa takardu. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya cire tabarau, abin mamaki sai na ga yana murmushi.

“Malam Abubakar, ai wannan sakamako ne. Ka rubuta shi yadda yake. Ka ce na bi hanyar bibbiyu, ga inda ta kai ni, ga inda ta kasa, ga dalili. Wanda zai zo bayanka ba zai faɗa ramin ba. Da wannan za ka fita.”

“Ranka ya daɗe, in koma garinmu in ce damina uku suka yi mini noma don in gano cewa ban yi daidai ba?”

“Su takarda za su gani. Kai kuma gaskiya za ka rubuta. Wa aka cuta?”

“A ba ni dama in gyara. Zan sa na uku-ukun a ciki.”

“Da wace na'ura? Wata uku ya rage maka, kuma an riga an yi maka ƙari sau ɗaya. Ina ba ka shawara, ka rubuta abin da ke hannunka.”

Ku lura da kyau, don na san akwai lokacin da na bar ku kuka ɗauka jami'a ce ta zalunce ni. Babu wanda ya zalunce ni. An buɗe mini ƙofa, na ƙi shiga saboda ba ta yi mini faɗin da nake so ba. So nake in dawo da ruwan da ya yi daidai, in nuna wa masu ce mini Malam Ruwa, in nuna wa Yaya ma. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa biyu. Na dawo na fara lissafin uku-uku. Abin da yake ɗaukar kwana biyu ya koma ba a ganin ƙarshensa, don in ƙwayoyi suna da yawa, hanyoyin haɗa su uku-uku sun ninka na bibbiyu ninkin ba ninki. Kwamfutar ta yi ta gurnani tana zafi, ina yi mata fifita da murfin kwali. Wata uku suka wuce ko rabi ba ta kai ba. A satin da ruwan shuka ya sauka wasiƙa ta iso, layi huɗu kacal, cewa wa'adina ya cika, an cire sunana. Na ninke ta na cusa a cikin wani ƙaton littafi, na fita na yi alwala.

Mahaifiyarku kaɗai na gaya wa, ita ma don ta ga na daina tayar da janareta ne ta matsa. Ba a yi sati biyu ba sai ga saƙo daga Gafasa, Yaya ya ce tunda karatu ya ɗan ja, ya roƙi jama'a sun yarda za su ƙara damina ɗaya, gayyar firi ranar Asabar ta sama, a zo da wuri a ɗora tukwane. Asabe tana tankaɗe a tsakar gida, ta ajiye rariyar.

“Malam, ka je ka gaya wa Yaya kafin Asabar.”

“Zan gaya masa, ba yanzu ba. Akwai wata jami'ar da nake nema.”

“Wace jami'a? Ni fa matarka ce. Mutane za su bar gonakinsu su zo su sunkuya a taka saboda abin da babu shi. Wallahi hannuna ba ya son dama furar nan.”

“In ba za ki je ba ki faɗa, in nemi mai yi.”

Ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonta ba, ta ɗauki rariyarta. Ta je, ta dama, ta tuƙa, ba ta tona ni ba. Amma daga nan har kaka maganarmu ba ta wuce ga abinci da an gode ba, sai ya zama ko a cikin gidana ni kaɗai ne.

Ranar gayyar ba ta fita daga raina. Na isa da hantsi na tarar sun yi nisa. Maza sun jeru, kowa ya kama kunyar geron da aka ba shi, bayansu yana ƙyalli da gumi, fartanyoyi suna tashi tare suna sauka tare, mai ganga yana bin su. Da ya hango ni sai ya juya kiɗan, ya shiga kirarin dakta, matasa suka ɗaga fartanya sama suna ihu. Akwai wanda na san matarsa ba ta da lafiya, akwai wanda tasa gonar ciyawa ta rufe, duk suna nan. Yaya yana can gaba, ya fi kowa shekaru ya kuma fi kowa nisa. Na tsaya a gindin tsamiya da farar riga da takalmi sau ciki, ban taɓa jin na yi nesa da mutane kamar ranar ba, alhali ga su nan kewaye da ni suna kiran sunana. Da aka zauna shan fura wani ya ɗaga murya.

“Dakta, yaushe za mu ci shinkafar walima?”

Duk suka juyo. Ga dama ta biyu Allah ya ba ni, kalma kaɗan ce. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa:

“Saura ƙiris.”

Aka yi shewa. Yaya bai yi ba, ya dube ni ta saman ludayinsa, ya ci gaba da sha. Haka aka yi maimai ma, ban je ba, na aika cewa aiki ya riƙe ni.

Da kaka Yaya ya ɗauko shatar a-kori-kura ya kawo mana dammunan gero da kansa. Ana cikin saukewa ya leƙa ɗakin zaure don ya gaishe ni, ya ga kwamfutar a lulluɓe da tsohon zane, an ɗora mata kwandon albasa a kai. Ya daɗe yana kallon kwandon.

“Habu, abin ya tsaya ne?”

Ban iya ƙara wata ƙaryar ba. Na zaro wasiƙar, na karanta masa, na fassara, na gaya masa har shawarar da farfesa ya ba ni na ƙi.

“Tun yaushe takardar ta zo?”

“Tun ruwan shuka.”

“Kafin firi ke nan.”

“Kafin firi.”

Ina jin ana jefa dami a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga hannu ma, da na sami sauƙi.

“Karatu ya ƙi, wannan ba komai ba ne, gona ma tana ƙi,” in ji shi. “Amma da ka faɗa kafin gayya.”

Ya fita ya kama wa direba suka ƙarasa sauke geron. Asabe ta kawo abinci, ya ce a ƙoshe yake. Ya shiga gaban mota suka tafi.

Daga nan ne abin da kuka taso kuka gani ya fara. Na janye ƙafata daga Gafasa. Gonar na riƙa sa 'yan ƙodago, in je in duba ta bayan gari in juyo ba tare da na shiga ba. In biki ko rasuwa ta tilasta mini shiga, tsofaffi su tare ni da fara'a su ce Dakta, ya karatu, ni kuma in ji kamar sun watsa mini barkono, don na tabbata labari ya gama gari, ba'a suke yi mini. Yaya yakan biyo ranar kasuwa, ya tsaya a zaure mu gaisa, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya, a kawo abinci ya ce a ƙoshe yake. Na fassara hakan da raini. Ban taɓa cewa Yaya ka yafe mini ba, ina jira wai sai ya sauko tukuna. Da kuka fara wayo kuna cewa Baffa ba ya son mu, na ji, na kuma yi shiru, don shirun ya fi mini sauƙi. Na ga yana rankwafawa shekara bayan shekara, yana dafa ƙugu in zai tashi, na ce tsufa ne. Shekara goma sha wani abu muka yi a haka, tafiyar da ba ta kai awa guda a babur ba tana tsakaninmu.

Ranar sadakar ukunsa ina zaune a gefe, sai wani sa'ansa, Malam Idi, wanda suka yi noma tare tun suna samari, ya matso kusa da ni da sandarsa.

“Dakta, ka yi rashin wa. Irin Sale ba a samu. Ka san har ya daina iya sunkuyawa bai taɓa barin layinka ya kwana ba?”

“Wane layi, Malam Idi?”

“Au, ba ka sani ba? Ai tun shekarar da aka yi maka gayyar damina ta huɗu ya ce ya isa haka, ba za a ƙara ba, kuma bai yarda a jira ka gama kafin a rama wa jama'a gayyarsu ba. Duk gayyar da aka kira a garin nan, in an raba kunyoyi sai ya kama biyu. Ya ce ɗaya tasa, ɗaya ta Habu. Mu gama mu koma inuwa, shi yana can yana ƙarasa taka. Mu ce Sale bari a kama maka, ya ce a'a, wannan ta gidanmu ce. Babu gonar da mai ita ya bari ya zo taka da bai shiga ba.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na shiga cikin gida, na sami matarsa, Yaya Hanne, a ɗakin takaba, tana zaune a kan tabarma da carbi. Na durƙusa a bakin ƙofa.

“Yaya Hanne, abin da Malam Idi ya gaya mini gaskiya ne?”

“Gaskiya ne. In ya dawo ni nake gasa masa bayan da ruwan zafi.”

“Me ya sa bai taɓa gaya mini ba?”

“Malam Habu, ba zan ɓoye maka ba, ya ji ciwon abin da ka yi, har ya rasu bai daina ji ba. Ni kaɗai ya gaya wa, ya kuma ce in na faɗa wa wani bai yafe ba. Mutanen gari ba su san komai ba. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce kada a dame ka, Habu bai gama ba tukuna, karatun ruwa dogo ne.”

Na daɗe a durƙushe, ita tana jan carbinta. Da na fito na tarar an ƙara shimfiɗa tabarmi, masu gaisuwa sun ƙaru. Suna ganina suka shiga matsawa, suna nuna mini wurin da ke jikin bango, inda babba a dangi yake zama ya karɓi ta'aziyya. Na duba hagu na duba dama ko akwai wanda ya fi ni cancanta, babu kowa, ni kaɗai na rage. Na zauna, suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin da suka nome mini gona, kowa ya kama hannuna da tafinsa mai kanta ya ce Dakta, sai haƙuri.